Ajin azahar na 'yan mata: littafin aiki daga Oktoba zuwa azumi

5 Oktoba 2024

Kuɗin sun shigo ranar Laraba, naira 600,000, rabin abin da wata gidauniya ta amince za ta ba mu. Ragowar sai farkon Fabrairu, in sun gamsu da rahoto. Aikin shi ne mu tattaro 'yan matan ƙauyenmu da suka bar makaranta, 'yan shekara 11 zuwa 16, mu koya musu karatu da lissafi, waɗanda suka kai mu mayar da su ƙaramar sakandare. Ba zan riƙa kiran sunan gari ko na mutane ba, don ban nemi izinin iyaye a kan haka ba. Ya isa a san muna jihar Kano, kuma daga nan zuwa ƙaramar sakandare mafi kusa kilomita shida ne a hanyar burji.

A takarda bai kamata a ce ana buƙatar aji irin namu ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma dole ne. Kano ta ƙaddamar da nata tsarin ilimi kyauta kuma dole a 2019, ga shi a watan Yunin bana gwamna ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Amma wanda ya tsaya bakin kasuwarmu da hantsi ya ƙirga farantan talla, ya san inda dokar ta tsaya.

Baba Mai Unguwa ya ba mu tsohon zaurensa. Tabarmi shida sun ci 33,000, allo da fenti 18,000, littattafan rubutu da fensir da alli 62,000, sai gyaran rufi 37,000 har da aikin kafinta. Jimla 150,000. Malamai biyu na ɗauka, duk 'yan garin nan: ɗaya mai NCE ce da ba ta samu aiki ba, ɗaya matar aure ce da ta gama sakandare kafin a kawo ta. Kowacce 25,000 a wata. Da nauyin baki na faɗa musu, tunda mafi ƙarancin albashi ma yanzu 70,000 ne. Ni albashina na firamare yana nan, ba zan taɓa komai a ciki ba.

12 Oktoba

Mun gama zagayen gidaje. Yawancin maza ba su ja ba, wasu ma cewa suke "ku tambayi uwarta". Wajen iyaye mata maganar take, kuma ba don sun ƙi boko ba.

Wata dattijuwa mai awara ce ta fi kowa warware mini zancen. Na same ta tana tace waken suya, ba ta ko tsaya ba ta ce, "Malama, zauna in yi miki lissafi, tunda ke ce ta lissafi." Kwano biyu take jiƙawa kullum. Yarinyar tana fita da faranti da safe, ta sake fita bayan la'asar. In kasuwa ta yi kyau ribar takan kai 1,800. A ciki ake cefane, a ciki take ware 500 ta zuba adashi. Adashin nan shi ne gado, shi ne katifa, shi ne kwanukan jere. Ta ajiye matacin ta dube ni: "To in ta zauna a ajinku, ran bikinta ke za ki yi mata kayan ɗaki?"

Na ce, "Inna, ba ni da gado ba ni da katifa, amma ba zan taɓa miki lokacin talla ba." A nan muka rabu da alkawarin za ta turo ta.

Matar da ke cikin kulle ba ta zuwa kasuwa, 'yarta ce ƙafarta. Duk shirin da ya cire yarinyar daga titi bai tanadi wanda zai fitar da hajar ba, to sana'ar uwar ya kashe. Gwamnati ma ta san nauyin kayan ɗakin nan, shi ya sa a auren gatan da aka yi a Kano a Oktoban 2023, na ma'aurata 1,800, gado da katifa na cikin abin da ta saya. Abin da ban taɓa gani ba shi ne takardar neman tallafin ilimi mai gurbin da za a rubuta wannan matsalar.

Saboda haka aji zai zama daga ƙarfe biyu zuwa huɗu, tsakanin azahar da la'asar, lokacin da talla ta yi sanyi kuma ba a shiga Islamiyya ba. Malam Liman ya taimaka ƙwarai. Na je na ce, "Allah gafarta Malam, bakinka muke nema." Jiya bayan sallar Juma'a ya tuna wa mutane Nana Asma'u 'yar Shehu, yadda ta riƙa tura jajis, wato malamai mata, ƙauyuka suna karantar da mata a tsarin 'Yan Taru, har ta rasu a 1864. Kafin magariba gida huɗu da suka ƙi a farko sun aiko. Jiyan ne kuma ranar 'ya mace ta duniya, na ji ana ta bikinta a rediyo.

19 Oktoba

An fara. Yara 34 a rajista. Gwajin takarda ɗaya ce: baƙaƙe a sama, kalmomi a tsakiya, ɗan labari mai layi huɗu a ƙasa, duk da Hausa. Tara sun karanta labarin, 13 sun tsaya a kalmomi, 12 baƙaƙe kawai suka sani ko ma ba su sani ba. A cikin 12 ɗin nan bakwai sun gama aji shida na firamare. Ni malamar firamare ce, wannan adadin a gabana aka yi shi.

Mun raba su gida uku bisa abin da suka iya, ba bisa shekaru ba. Tsari ne da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da shi, an kuma gwada shi a nan Kano, a Dawakin Tofa da Wudil. Wahalarsa ɗaya: budurwa 'yar 15 ba ta son zama tabarma ɗaya da 'yar 11. Sai muka ɗora wa manyan shugabancin tabarma, su raba fensir, su karɓa.

28 Oktoba

Mako guda ke nan Arewa na cikin duhu, tun da layin wutar da ke kawo mana daga kudu ya samu matsala. Mu dama wuta baƙuwa ce a nan, amma mai cajin waya ya mayar da kuɗinsa 300 daga 100, wai fetur ya haura dubu. Gidauniyar kuwa tana so duk mako a shigar da sunayen masu zuwa a manhajarsu, haɗe da hoton aji. Sabis sai an hau tudun makabarta. Na buɗe rajistar takarda, in an samu hali a kwafe.

Hoton ma da magana. Iyaye uku sun ce kada a ɗauki fuskar 'ya'yansu, kuma suna da gaskiya. Daga baya muke ɗauka, hijabai kawai ake gani.

2 Nuwamba

Lafiya lau. 'Yan baƙaƙe sun fara haɗa gaɓa. Alli ya kusa ƙarewa.

9 Nuwamba

Kaka ta watsa mana aji. Ranar Talata yara 13 ne suka zo. Sauran suna gona, roron wake da tsinkar gyaɗa, wasu suna gida ana sussuka. Ba da kuɗi ake biyansu ba, da awo ne, kuma abin da yarinya za ta shigo da shi a yini ɗaya ya fi ribar talla ta kwana biyu. A shekarar da kwanon wake ya yi tsadar da ya yi bana, ba uwar da za ta bar wannan ya wuce ta, ni ma ba zan ce ta bari ba.

Jami'ar gidauniyar ta kira, yarinya ce mai ladabi. "Hajiya, lafiya? Mun ga adadi ya faɗi." Sharaɗinsu kashi 80 cikin 100 na zuwa aji. Na yi mata bayani, ta fahimta, amma ta ce manhajar ba ta da inda ake rubuta dalili, ja kawai take nunawa. Na ce ta isar wa manyanta cewa duk wanda zai buɗe aji a ƙauyen manoma, ya bari sai an kai amfani rumbu. Shekarar kuɗinsu ce ta fara a Oktoba, shi ya sa muka fara a Oktoba, ba don lokacin ya dace da mu ba.

Mun rage zuwa kwana uku a mako har a gama girbi, mun ƙara safiyar Asabar. Waɗanda suke zuwa kuwa sun ci riba, malama ɗaya ga yara shida ko bakwai.

23 Nuwamba

Na je ƙaramar sakandaren. Rabona da ita an jima, na ga canji: sabon rufi, rijiyar burtsatse, banɗaki huɗu na mata masu ƙofa da sakata. Shugabar makarantar ta ce kuɗin gyara ne na AGILE, shirin ilimin 'yan mata, ta hannun kwamitin makaranta na al'umma aka kashe su. Shirin na gwamnatin tarayya ne da Bankin Duniya. An amince da shi a 2020 da dala miliyan 500, aka fara da jihohi bakwai: Borno, Ekiti, Kaduna, Kano, Katsina, Kebbi da Filato. A 2023 aka ƙara dala miliyan 700, jihohin suka kai 18. Mutane na kiransa tallafi, amma rance ne, ƙasar nan za ta biya, don haka ban ga dalilin da za mu riƙa roƙo kamar sadaka muke nema ba. Bayan gini da gyara, akwai koyar da dabarun rayuwa da kwamfuta, akwai kuma kuɗin da ake ba gidajen marasa ƙarfi bisa sharaɗin yarinya ta riƙa zuwa makaranta.

Wannan na ƙarshen shi ne amsar tambayar Inna mai awara, in zai iso mana. Shugabar ta ce ba za ta yi mini alkawari ba, ba ita ke fitar da sunaye ba, amma wadda ba ta da takardu ko maganarta ba za a yi ba. Ta ba ni shawara in tanadi takardar haihuwar yarinya, da lambar NIN ta uwar, da lambar waya ko asusu. Ta kuma yarda ta karɓi duk wadda ta ci gwajinsu a aji ɗaya, zango na biyu.

Na dawo na bincika iyaye mata 20 na yaran da ke kan gaba. Shida ke da NIN. Uku ke da wayar kansu.

Ranar Alhamis muka ɗauki hayar bas muka kai 14 wurin rajista a hedikwatar ƙaramar hukuma, bayan an bi mazajensu ɗaya bayan ɗaya an nemi izini. Mota da abincin rana da kwafin takardu 45,000. Sabis ya ɗauke tun kafin azahar, tara kawai aka yi wa. A cikin taran ma an sha fama. Na tsaya kusa da wata gwaggo, na'urar ta ƙi karɓar yatsunta. Lalle ya rine su, daka da surfe sun shafe zanen. Yaron da ke rajistar ya goge mata da auduga, ya ce ta hura musu iska, ya danna babban yatsan da hannunsa biyu, ita kuwa tana ta janyewa don kunya, tana cewa "ɗan nan, sake ni haka nan." Sai da ya bi yatsun kaf kafin biyu su hau.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lambar waya. Da aka tambaya, kowacce ta mijinta ta bayar, ita ce ta haddace. Ke nan ranar da kuɗi suka shigo, wayarsa ce za ta yi ƙara. Akwai mazan da za su miƙa ba su taɓa ko sisi a ciki ba, na san su. Akwai kuma waɗanda na sani. Wata ta matso ta raɗa mini, "Malama, sa taki." Na ƙi, don ranar da aka ce kuɗin wata ya bi ta wayata, ajin ya mutu. An tsara shirin don kuɗi su shiga hannun uwa, amma tsakanin asusun gwamnati da hannun nata akwai waya, da layi, da izinin fita, da kuɗin mota zuwa wajen mai POS, kuma ba ko ɗaya da ke hannunta.

2 Disamba

An gayyace ni taro a birni cikin kwanaki 16 na yaƙi da cin zarafin mata, da ake farawa 25 ga Nuwamba a gama 10 ga Disamba. Otal ne, da sanyin na'ura da ruwan roba. An yi magana a kan dokar hana cin zarafi ta 2015, da manufar jinsi ta ƙasa wadda tun 2006 ta nemi a ba mata kashi 35 cikin 100 na muƙamai, da ƙudurori biyar na mata da majalisar tarayya ta yi watsi da su a Maris 2022. Sanatoci 109, mata huɗu. Majalisar jiharmu kujera 40, babu mace ko ɗaya. Wata ta kawo misalin Ruwanda, inda mata suka haura kashi 60 a majalisar wakilai.

Wadda muka zauna tare ta ce duk wannan zancen 'yan birni ne, bai shafi mai talla ba. Ban yarda da ita ba. Kasafin da zai ce a gina ƙaramar sakandare a ƙauye ko a'a, a sa mata banɗaki ko a'a, a ɗauki malamai mata ko a'a, a majalisar nan ake zartar da shi, kuma cikin masu zartarwar ba wanda ya taɓa rasa darasi saboda al'ada ta zo masa a makarantar da ba ƙofar banɗaki. Sai dai kuɗin hayar ɗakin taron kaɗai zai riƙe ajinmu zango guda, wannan kam na lissafa ina zaune.

Na dawo da abu biyu: samfurin audugar mata ta yadi da ake wankewa, wadda malamarmu mai keken ɗinki ta ce za ta iya, da lambar wani jami'in ilimin manya.

7 Disamba

An gama girbi, yara sun dawo 30. Mun koma kwana biyar.

14 Disamba

An sa ranar ɗaya daga cikin 'yan labari. Shekarunta 15, ita ce ta biyu a lissafi, kuma tana cikin waɗanda na ware wa gwajin Janairu. Ƙawayenta ne suka faɗa mini, ita ba ta ce komai ba.

Na san abin da dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta ce game da shekara 18, na kuma san Kano ta sa hannu a tata dokar kare yara a 2023. Amma wanda ya shiga gidan mutum da takardar doka a garin nan, ya fito ke nan, kuma sauran gidaje 33 za su rufe ƙofa a bayansa. Sai na bi ta wajen Baba Mai Unguwa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba hana aure na zo yi ba, jinkiri nake roƙo, ko shekara biyu." Ya kira uban yarinyar da wan mahaifin yaron da zai aure ta, Malam Liman yana zaune. Ni ina daga soro na ciki ina ji.

Uban bai yi faɗa ba. Ya ce ya riga ya karɓi kuɗin gaisuwa, ya ci, kuma 'ya'ya mata biyar gare shi a ƙasa da ita. Ya ce in makaranta za ta ɗauke masa cinta da suturarta, a kawo takarda ya sa hannu yanzu. Ba wanda ya amsa. Abin da aka samu shi ne dangin yaron sun yarda, a gaban Liman, za ta ci gaba da zuwa ajin azahar bayan biki. Sakandare kuwa babu, kilomita shida ba tafiyar amarya ba ce a wurinsu. Biki ƙarshen wata.

21 Disamba

Tunda kuɗin gwamnati ba mu san ranar zuwansu ba, mun fara namu. Iyaye mata 18 sun kafa asusu irin na Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara da matan yankin Maraɗi a 1991, daga nan ya bazu ƙasashe da dama. Bambancinsa da adashi shi ne ba kwasa ake yi bi da bi ba. Ana zubi duk mako, mai buƙata ta ranta ta juya, ta mayar a kan lokaci, a ƙarshen shekara a fasa a raba. Shirin mata na gwamnatin tarayya da Bankin Duniya, wanda aka fara a 2018 da dala miliyan 100, shi ma a kan irin ƙungiyoyin nan aka gina shi.

Mai walda ya yi mana akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, 22,000 har da kwaɗunan. Akwati a gidan mace ɗaya, makullai a hannun wasu uku daban. Maganar ƙarin da ake ɗorawa a kan rance ta taso nan take, matan suka ce ba za su taɓa kuɗin ruwa ba. Aka tsaya a kan rance ba ƙari, sai tarar makara da ɗan zubin taimakon juna na naira 50. Zubi 500 a mako. Inna mai awara ce ma'aji, ba wanda ya yi takara da ita. 'Yarta ke rubuta musu littafi, abin da ba za ta iya ba a Oktoba.

11 Janairu 2025

Goma sha biyar suka zauna gwajin sakandare, 11 suka ci. An karɓe su.

Makaranta kyauta ce, amma kayan makaranta da hijabi da takalmi da jaka da littattafai sun tashi 14,000 kowacce, 154,000 ke nan gaba ɗaya. Na biya daga kuɗin gidauniya bayan sun amince a waya.

Hanya ce ta rage. Mai adaidaita ya ce 400 kowace yarinya zuwa da dawowa, wanda a wata ya fi albashin malamanmu biyu in an haɗa. Kekuna aka kawo shawara, iyaye maza suka ce ba a garin nan ba. An tsaya a kan su tafi a ƙafa, a ayari ɗaya, su tashi ƙarfe shida da rabi, wata gwaggo da ke kai nono kasuwar can ta riƙa raka su da safe. Dawowa su da Allah, da sharaɗin ba mai rabuwa da sauran.

25 Janairu

Hunturu ya yi tsanani, biyu suna fama da tari, ƙafafu duk sun faso. Ba wadda ta fasa zuwa. Ajin azahar ya koma 22. Amaryar ta zo sau biyu a makon farko bayan biki, tun daga nan shiru. Na aika, aka ce uwar mijin ba ta da lafiya, ita ke girki.

1 Fabrairu

Rabin kuɗin na biyu ba zai zo ba, aƙalla ba yanzu ba. Jami'ar ta kira jiya, muryarta a sanyaye. Rahotonmu ya wuce, har jan da manhaja ta nuna a Nuwamba an yafe. Matsalar daga sama take. Ranar 20 ga Janairu sabon shugaban Amurka ya sa hannu a dakatar da tallafin ƙasashen waje na kwana 90, aka kuma umarci masu ayyuka su tsaya cak. Ashe gidauniyar tamu daga wata babbar ƙungiya take karɓa, ita kuma babbar daga can take karɓa. Ita kanta jami'ar an ce ta zauna a gida.

Ga lissafi. Kayan farko 150,000, alawus na wata huɗu 200,000, tafiyar rajista 45,000, akwati 22,000, kuɗin mota da caji da data 21,000, kayan 'yan sakandare 154,000. An kashe 592,000, saura 8,000.

Na tara malaman na faɗa musu yadda ake ciki. Mai NCE ta ce za ta riƙe zuwa azumi ko ba a biya ba, bayan nan ba ta yi alkawari ba, don wata makarantar kuɗi a birni ta neme ta. Ɗayar ta ce sai ta shawarci maigidanta, tunda da alawus ɗin ne ya yarda tun farko. Ba wadda na ga laifinta.

15 Fabrairu

Na rubuta a zauren WhatsApp na 'yan garinmu mazauna birni, na sa lissafin nan yadda yake, da hoton rubutun wata yarinya na Oktoba da na yanzu. An yi ta addu'a, an yi ta tura hannu biyu a haɗe. Kuɗi dai 96,000 suka taru, rabinsu daga mutum ɗaya, wani direban tirela da ya ce yayarsa ce ta yi talla ta biya masa kuɗin jarrabawa. Wani kuma ya rubuta dogon bayani cewa dama Turawa ba don Allah suke yi ba, gara da suka janye. Na ce masa to ga fili, bai sake magana ba.

Na biya malamai alawus na Fabrairu, saura 54,000 da abin da ke hannu.

Na kai takarda hukumar ilimin manya ta jiha ina neman a yi wa ajin rajista a matsayin cibiya. Hukumar tun 1980 take, zamanin Abubakar Rimi, ita ce irinta ta farko a ƙasar nan. In aka karɓe mu, ajin zai samu gindin zama a tsarin gwamnati, yaran da ba za su iya sakandare ba su samu takardar shaida, matan aure irin amaryarmu ma su samu inda za a ce nasu ne. An karɓi takardar, an ce za a turo mai duba wuri.

Akwatin mata ya tara 72,000 a mako takwas. Biyar sun ranta. Ɗaya ta sayi ƙaramar waya da layi da sunanta, ta ce kuɗin makarantar 'yarta in sun tashi zuwa su same ta a ɗaki. Wata kuma ta ɗauki almajiri yana fitar mata da ƙosan safe tana biyansa, abin da ya warware matsalarta ya kuma bar ni da tunanin yaron.

28 Fabrairu

Yau ake duban wata. Gwamnatin jiha ta ba makarantu hutu har bayan sallah, haka ma Katsina da Bauchi da Kebbi. A makon nan kuma Ingila ta sanar za ta rage nata tallafin daga kashi 0.5 zuwa 0.3 na kuɗin shigar ƙasa nan da 2027, don haka na daina sa ran wata gidauniyar za ta maye gurbin wadda ta tafi. Sunayen tallafin kuɗi na sakandare ba su fito ba tukuna. Iyaye biyar da ba a yi wa rajista ba har yanzu suna nan, sai an samu kuɗin mota.

Azumi lokacin talla ne mai ƙarfi, ƙosai da kunu da ƙanƙara daga la'asar har isha, kuma abin da nake tsoro ke nan game da 'yan sakandare 11: mako biyar a gida da faranti a ka, ga bukukuwan bayan sallah. Don haka ajin ba zai rufe ba, zai koma safe, tara zuwa sha ɗaya, kwana uku a mako, su ma su riƙa zuwa bita, manyansu su taya koyar da 'yan baƙaƙe tunda mai NCE za ta tafi. Malam Liman ya yarda a yi maganar ajin a wajen tafsiri, a ajiye kwano. Naira 54,000 za ta biya malama ɗaya wata biyu, ragowar 4,000 ta sayi alli. Gobe in an tashi da azumi zan je gidan amaryar da kaina in gaida uwar mijin, in ji ko safiya za ta fi musu sauƙi.